Kwalba a Jakar Marsaili

Jawo kujera kusa da murhu ka zauna, ke ma matso, shayin bai huce ba tukuna. Yau labarin Marsaili zan ba ku, ta gidan ƙarshen layi wanda bayansa babu komai sai teku. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na yammacin tsibirin Lewis a shekarun alif ɗari tara da sittin ya san ta. Ko bai san fuskarta ba ya san igiyar shanyarta, don sau biyu a shekara fararen ƙyallaye kan cika ta, farare tas har su ɗauki ido, iska tana kaɗa su kamar za su tashi da gidan.

Ƙyallayen coci ne. A wurinmu sau biyu ake Jibin Ubangiji, inda masu bi ke gutsurar gurasa don tunawa da mutuwar Yesu, a Maris da Satumba, kuma kwana biyar ake yi ana hidima, baƙi su cika gidaje har wasu su kwana a ƙasa. Ranar Lahadi sai a shimfiɗa ƙyallayen nan a kan bencinan gaba, su ne Teburin. Babu mai zama wurin sai mai 'yar dalma a hannu, ƙarama kamar maɓallin riga, wadda dattawan coci ke miƙawa ranar Asabar. Kafin a fara ba mutum ita kuwa, sai ya shiga ƙaramin ɗakin da ke bayan coci, ya tsaya gaban Fasto da dattawa, ya faɗi da bakinsa abin da Allah ya yi wa ransa. Ƙofar ɗakin nan ba ta da nauyi ko kaɗan, amma mutanen kirki da yawa sun tsufa sun mutu ba su taɓa mariƙinta ba.

Shekara talatin da ɗaya Marsaili tana wanke ƙyallayen, ta sa sitaci, ta goge, ta ninke, ta kai. Ba ta taɓa zama a bayansu ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ba a taka farin ƙyalle da ƙafa mai laka." Jira take yi ta wayi gari ta ji kanta tsab. Duk lokacin Jibi sai ta zauna ta bincike zuciyarta kamar mai tsintar tsakuwa a hatsi, kuma ba ta taɓa rasa ɗaya ba. Wata shekara ta daka wa saniya tsawa ranar Lahadi. Wata shekara ana cikin wa'azi hankalinta ya tafi ga kajinta. Sai ta ce, to, sai na gaba. Amma can ƙasan ranta akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko kanta ma ba ta faɗa wa ba: in da layi ake bi zuwa Teburin nan, ta san tana gaba-gaba.

Wa zai ga laifinta? Tana da shekara goma sha biyar teku ya cinye mahaifinsu da jirginsa. Ita ta goyi ƙanenta Tormod, ita ta tatsi saniya, ita ta yi dakon makamashi a kwando daga fadama. Wani saurayi mai suna Iomhar ya nemi ta bi shi Kanada, ta dubi Inna ta dubi jirgi, ta ce masa ya sauka lafiya. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna shekara tara, kuma hannun Marsaili ne ya juya ta, ya wanke ta, ya ba ta abinci a baki, tun daga ranar farko har ta ƙarshe.

Tormod kuwa, da ya yi gemu sai ya bi jiragen farautar manyan kifayen nan masu girman gida, can ƙarshen duniya ta kudu. Ya dawo da zanen jirgi a ƙirji da wata ƙishirwa da ruwa ba ya kashe ta. Ya gaji injin saƙa a rumfar da ke jikin gidan Marsaili, amma ya fi sanin hanyar bukkar mashaya da ke bayan tudu.

Kun san mata ba sa zuwa makabarta a wurinmu. Su tsaya a ƙofar gida, maza su ɗauki akwatin gawa a ƙafa suna karɓa-karɓa. A bakin kabari kuwa, ɗan mamaciya ne ke riƙe igiyar wajen kai a saukar da ita. Ranar da aka kai Inna, aka nemi Tormod sama da ƙasa aka rasa. Yana bukkar bayan tudu, kwance, yana munshari. Wani maƙwabci ya riƙe igiyar. Wadda ta yi jinyar shekara tara al'ada ta tsayar da ita a ƙofa, wanda al'ada ta miƙa wa igiyar kuma bai san ma ana yi ba. Marsaili ba ta yi kuka ba ranar nan. Ta shiga ciki ta dafa wa masu dawowa shayi. Amma igiyar nan ta naɗe mata a zuciya, ta zauna shekara goma sha biyu.

To, wata ranar Mayu ana yankan baƙar ƙasar da muke shanyawa mu hura wuta, sai Tormod ya yar da shebur, ya zauna a bakin rami ya fashe da kuka kamar wanda aka yi wa mutuwa. Mutane suka ce ta jiya ce ba ta sake shi ba. Sai ga Laraba ta zo. Kowa na zuwa coci ranar Lahadi, mai imani da mai rakiya, amma taron addu'ar Laraba daban ne: duk wanda ya fito gare shi ya shaida wa gari ke nan cewa ya juya baya.

Washegari Seonag, maƙwabciyar Marsaili mai baki kamar reza, ta leƙo ta kan katanga.

"Marsaili, kin ji labari?"

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Tormod ɗinku ne ya fito taron addu'a jiya."

"Wane Tormod?"

"Biyu gare ki? Ya zauna a bencin baya, hula a hannu, gashi a taje. Ban san yana da mataji ba."

"Hanya ya ɓata," in ji Marsaili, tana matse tsumma. "Ko kuma hanta ce ta fara yi masa magana. Kowa ya tuba don wuya ba lada. Ba shi sati biyu."

Sati biyu ya wuce, wata biyu ya wuce. Wata safiya ya shigo mata da kifi biyar a igiya, ya ajiye a kan tebur, ya tsaya yana murza hula.

"Yaya."

"In shayi kake so, tulu na can."

"Maganar igiyar Inna ce. Na zo ki yafe min."

Ta ɗauki wuƙa ta fara fiɗar kifin, ba ta ɗago ba. "Ya wuce."

"Har zuciya?"

"Na ce ya wuce. Ko rubuta maka zan yi?"

Ya yi godiya ya fita. Kafin ta gama kifi na biyu ta ji injin saƙa ya tashi, taka-taka-taka, da muryar Tormod a kansa tana rera waƙar yabo, ɓarke-ɓarke kamar ta ɗan maraƙi.

Wannan muryar ce ta dame ta. Da tuba ya yi irin wadda ta zata, da ta jure. Ta ɗauka zai yi shekara goma yana tafe kai a sunkuye, yana bin jikin bango, yana jin kunyar haɗa ido da ita. Sai ga shi yana cin dankali da kifin gishiri faranti biyu, ya yi kumatu, yana dariya da tsofaffi a bakin hanya. Nauyin da ya kamata a ce yana ɗauke da shi, babu alamarsa. Ita da ba ta taɓa ɗanɗana barasa ba, ita ce ke tashi da safe kamar an ɗora mata buhun gishiri. Matan da a da ke cewa, "Allah sarki Marsaili, mai haƙuri," yanzu in sun tare ta sai su ce, "Kin ga ikon Allah a kan ɗan'uwanki?" Ta ce ta gani. Ta gani har idonta ya yi ja.

Wata rana ta kasa daurewa. Tana cire turken saniya za ta matsa mata gaba, shi yana gyara katangar duwatsu.

"Kai ba ka jin kunya ne? Ko ka manta abin da ka aikata?"

"Ban manta ko ɗaya ba, Yaya."

"To dariyar ta mece ce?"

Ya share hannu a wando. "An ɗauke min ne. Wanda ya mutu a gicciye ya ɗauki hukuncin. In na koma ina dakonsa, kamar na ce masa bai iya ɗauka ba ke nan."

"Sauƙi! Shekara ashirin kana ɓarna, a goge a yini guda kamar allon makaranta."

"Ni ya zo wa da sauƙi. Shi bai zo masa da sauƙi ba."

"Kwalbar fa? Ta daina kiranka?"

"Ina fa. Kullum sai ta kira. Amma da umarni take ba ni, yanzu roƙo take yi." Ya nuna saniyar da haɓa. "Kin tuna shekarar da igiyarta ta tsinke? Kwana biyu tana zagaya turke a kan ƙasar da ta riga ta cinye, ga ciyawa shar a gabanta. Ba ta san an sake ta ba. Wani lokaci haka nake. Amma igiyar dai ta tsinke."

"Ka zama Fasto ke nan. Matsa min, kana tsaye kan turkena."

Maris ya zo, wata goma cif da kukan bakin rami. Ranar Alhamis ta farkon hidima Seonag ta sake leƙowa.

"Ya shiga ɗakin dattawa. Sun karɓe shi. Asabar za a ba shi dalma." Sannan ta soka wuƙar. "Ke kin wanke, ƙanenki zai zauna. Ai gida bai ƙoshi ba, an dai raba aiki."

Marsaili ta ce madalla. Kalmar ta fito mata kamar ƙayar kifi.

Ranar Juma'a da safe baƙi suka yi mata yawa, kujeru suka kasa. Ta shiga rumfar Tormod ɗauko benci, shi yana coci. Da ta ja bencin sai wani tulin zaren ulu ya zube, a bayansa ga kwalbar wiski tsaye, rabi a shanye.

Zan gaya muku gaskiya, don ita ma daga baya ba ta ɓoye ba. Ba baƙin ciki ta ji ba. Daɗi ta ji, wani irin daɗi mai ɗumi da ya taso tun daga ƙafa, irin wanda rabonta da shi an yi shekaru. Hali zanen dutse, ta ce a ranta. Ta naɗe kwalbar a ɗankwali ta tura cikin baƙar jakarta ta coci. Gobe in Fasto ya ce ƙofar ɗakin baya a buɗe take, za ta shiga ta ajiye musu a kan tebur. Ta gaya wa kanta tsarkin Teburin take karewa. Ai ita ta san wahalar farin ƙyalle.

Da rana ta ɗora dutsen guga a murhu ta fara goge ƙyallayen. Tana kan mafi tsawonsu, na bencin farko, sai ta hango Tormod ta taga yana dawowa tare da baƙi, wani tsohon mai bi ya dafa kafaɗarsa kamar ɗansa, suna dariya. Ta tsaya kallo. Tana ƙiyasta yadda fuskar nan za ta koma gobe. Ƙauri ne ya dawo da ita. Ta fizge dutsen, amma aikin gama ya gama: ga siffarsa nan ɓaro-ɓaro, ja-ja-baƙi, a tsakiyar farin ƙyalle. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa ƙona ko bakin zare ba. Ta sa ruwa, ta sa gishiri, ta sa madara, ƙuna dai ƙuna ce. Ta ninke shi ta yadda tabon zai ɓuya a ciki, ta ce ko wannan ma laifin Tormod ne.

Asabar bayan sujada Fasto ya yi sanarwar da ya saba, cewa dattawa na ɗakin baya ga duk mai son zuwa Teburin a karon farko. Mutane suka fara fita. Marsaili ta rungume jakarta, ta bi ta gefen bagadi, ta tura ƙofar.

Abin da ba ta yi tunaninsa ba shi ne, a ƙauyenmu dalili ɗaya ne ke sa mutum ya tura ƙofar nan ranar Asabar ta Jibi.

Baba Eachann, babban dattijon coci, tsohon masunci mai shekara tamanin da ɗoriya, ya miƙe zumbur har sandarsa ta faɗi. Sauran dattawan ma suka miƙe.

"Marsaili 'yar Ishbel!" Da sunan Inna ya haɗa ta. "Na roƙi Allah kada ya ɗauke ni sai na ga wannan rana. Ku ba ta kujera. Ba waccan ba, mai gurguwar ƙafa ce, ku ba ta tawa."

Aka zaunar da ita. Wani dattijo yana share ido da bayan hannu. Fasto ya dube ta da fara'a, ya sassauta murya.

"Kada ki ji tsoro, 'yar'uwa, duk naki ne a nan. Ba ma neman dogon bayani. Faɗa mana kawai, me Ubangiji ya yi wa ranki?"

Jakar na kan cinyarta. Ta ɗan motsa, kwalbar ta bugi gidan tabarau, ƙwal. A cikin shirun nan kamar an buga ƙararrawa. Tana iya yin ƙarya. Ta san kalmomin da ake faɗa, ta ji su a bakin mutane tun tana yarinya, da ta jera su da an ba ta dalma kafin shayi ya tafasa. Amma Marsaili, duk abin da take, ba maƙaryaciya ba ce. Ta buɗe jakar, ta warware ɗankwalin, ta dangwarar da kwalbar a kan tebur kusa da Littafi Mai Tsarki.

"Ba don kaina na zo ba. A rumfar Tormod na same ta."

Baba Eachann ya sunkuyo ya dubi kwalbar kamar mai duba kifi ko ya kwana.

"Rabi ce? To, ita ce."

"Kun sani?"

"Wata guda ke nan. Wani abokin jirginsu ya kawo masa ziyara da ita, suka sha rabi. Washegari da sassafe ya buga min ƙofa, ko takalmi bai ɗaure ba. Shekaranjiya ma da ita ya fara magana a nan, kafin mu tambaye shi komai."

"Kuma kuka karɓe shi?"

"Da ya ɓoye da ba mu karɓe shi ba. 'Yata, na san Tormod tun yana tsumma. Na da in ya faɗa laka gyara kwanciya yake yi. Na yanzu da ya faɗa, tashi ya yi a guje yana neman ruwa. Ba mutum ɗaya ba ne."

A nan ne madatsar ta ɓalle. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina wanke ƙyallen nan! Hannuna ya tsage da ruwan sanyi. Ina ya ke lokacin da nake juya Inna? Ina ya ke ranar igiya? Yanzu ya yi kuka sau ɗaya a bakin rami, shi ke nan, an share, yana waƙa, yana ƙiba! Ni fa? Ba na son a ba shi. Ba don Teburin ba ne, ƙarya nake yi wa kaina. Dariyarsa ce ba na so. Da na ga kwalbar nan daɗi na ji. Na fi son ya koma bukkar bayan tudu ya mutu a can da ya riga ni zama a bencin nan."

Ta ji maganar da kunnenta, ta tsaya. Kamar wata ce ta faɗa. Ta koma kan kujera a hankali, ta rufe baki da hannu.

"Kuma na ƙona ƙyallen bencin farko," ta ƙara da wata ƙaramar murya. "Ina kallonsa ta taga."

Baba Eachann ya ɗauki sandarsa, ya zauna kusa da ita.

"Wata shekara aka ce saniya ce ta hana ki zuwa. Wata shekara aka ce kaji. Na ce a raina, yarinyar nan tana tsintar tsakuwa alhali a kan dutse take zaune. To yau kin ga dutsen."

"Ban cancanta ba, Baba."

"Wa ya cancanta? Ni? Tambayi matata."

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Fasto ya ture kwalbar gefe.

"Marsaili, da mutum zai iya wanke kansa kamar yadda kike wanke ƙyalle, da Yesu bai mutu ba. Ba masu tsabta ake kira Teburin nan ba, waɗanda aka wanke ake kira. Abin da ya ɗauke wa ɗan'uwanki bai ƙare a kansa ba, kuma ba a rage naki aka ba shi ba. Kin shigo da zunubin wani, kin ajiye naki. Tambayata ɗaya ce: kina so a kwance ki?"

"Ban iya daina jin abin ba. Ko yanzu ina jin sa."

"Ban tambaye ki ko kin daina ji ba. Shekara goma sha biyu yana juya ki kamar baiwa. Kina so ki canza ubangida?"

Sai kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da Inna ya zo, duka, da shessheƙa da majina, a gaban maza shida. Cikin kukan suka tsinci kalma biyu: "Ina so." Dattawa suka dubi juna, kowa ya gyaɗa kai. Baba Eachann ya buɗe tafin hannunta mai kaushi ya sa 'yar dalma, ya rufe mata yatsu a kai. Sannan ya buɗe taga ya tuttule wiskin a kan ciyawa, yana cewa Allah ya sa tumakin Fasto kada su bi ta nan.

Tormod na jingine da katangar coci yana jiran ta, don Seonag ta riga ta kai masa labari cewa yayarsa ta shiga ɗakin baya. Da ya ga hannunta a dunƙule sai fuskarsa ta washe.

"Yaya! Ashe tare za mu zauna!"

"Tsaya tukuna. Ni na ɗauke kwalbarka."

"Ke ce? Allah ya saka miki! Wata guda ina kewaya ta kamar macijiya. Tsoro nake in ɗauka don in zubar, hannuna ya wuce da ita baki."

"Ba don in taimake ka na ɗauka ba. Dattawa na kai wa, don su hana ka."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana tura tsakuwa da takalmi. Ta ga maganar ta shige shi, kuma wannan karon ba ta ji daɗi ba ko kaɗan.

"Ni na ba ki dalili," ya ce daga baya. "Igiyar Inna fa? Kin ce ya wuce."

"Bai wuce ba. Yau na fara sakinta."

"To ni ma na saki ta kwalba." Suka kama hanyar gida, iska na tura su ta baya. Sun kusa kwanar gidan Seonag ya ce, "Amma Yaya, tun da aka gina cocin nan, ke ce ta farko da ta shiga ɗakin dattawa da wiski a jaka ta fito da dalma."

"Rufe min baki, ɗan banza, mutane na ji."

Lahadi da safe ita ta shimfiɗa ƙyallayen kamar kullum. Babu wani mai tsawon bencin farko, dole shi ɗin za a sa. Ta juya shi ta nan, ta juya ta can, tabon ya ƙi ɓuya, ta gaji ta bar shi a sarari. Da aka fara waƙa masu dalma suka tashi, ita ma ta tashi. Ta miƙa wa dattijo 'yar dalmar ta shiga, Tormod na biye, kuma wurin da ya faɗo musu daidai kan ƙunar ne. Ya dubi tabon, ya dube ta ta gefen ido, ya ɗora ƙaton hannunsa a kai.

Ana addu'a ta ji bencin na girgiza. Tormod ne ke kuka, hawaye na sauka a gemu. Ita idonta a bushe ƙamas, ta ƙarar da nata jiya. Sai ta ji tsohon abin nan ya ɗan cije ta a ƙirji: dubi, ko a kuka ma ya fi ki. Ta gane muryar. Shekara da shekaru ta ɗauka muryar gaskiya ce. Ta ce mata a zuci, na san sunanki yanzu, kuma ba ke ke da gidan ba. Gurasar ta zo hannu zuwa hannu har ta iso gare ta. Ta gutsura, ta juya, ta miƙa wa ƙanenta.

Marsaili ta ƙara shekara ashirin da biyu a duniya, kuma ba zan ce muku ta zama mala'ika ba. Bakinta bai yi laushi sosai ba. In kajin Seonag sun fi nata ƙwai sai ta tsaya a katanga ta ce, "Seonag, hassada ta leƙo ni a kan kajinki, na kore ta, amma ki daina nuna min kwandon." Tormod ma ya sake faɗuwa sau ɗaya, shekarar da abokin jirginsu ya rasu, kuma ƙofarta ya fara bugawa. Ta zage shi tas, ta dafa masa shayi mai kauri, ta raka shi gidan dattijo da kanta. Ƙyallen mai ƙuna kuwa an ci gaba da shimfiɗa shi har ya yage, don ta hana a sauya.

Ranar da aka kai ta, mata suka tsaya a ƙofa kamar yadda aka saba. Maza suka isa makabarta suka tarar da wani tsoho ya riga su, cikin baƙar kwat, gashi a taje, tsaye a bakin kabari tun ba a fito da gawa ba. Tormod ne. Shi ya riƙe igiyar wajen kai, kuma sai da aka ɓamɓare yatsunsa kafin ya sake ta.

To, shayi ya ƙare. Amma kafin ku tashi ku gaya min: tsakanin wanda kowa ke ganin igiyarsa da wadda ta ɗauki tata a matsayin ado, wa ya fi daɗewa a turke?